Muryar Jar Mota

A cikin abubuwan da ake faɗa a kaina a garin Arlit akwai guda da nake so in gyara tun ina da sauran numfashi, don na ji har jikokina sun fara maimaita shi. Ana cewa wai ni, Sani Filtir, wanda ya ƙarar da ƙuruciyarsa wajen hana ƙura shiga injin manyan kamyo, wato motocin ɗaukar kaya na masu haƙar uraniyom, da tsufa ya zo mini sai na ɗauki injin huda na ɓarke akwatin iskar motar ɗana, na bar ƙasa ta cinye ta. Wasu sun ce ruɗewar tsufa ce. Wasu sun ce haushi ne, don yaro ya sayi abin da ubansa bai taɓa hawa ba. Ke Mariyama ɗiyata, da kika zo daga Yamai kika tarar da motar a tsakar gida kaji na kwana ƙarƙashinta, na ga irin kallon da kika yi mini. To, maganar hudawa gaskiya ce, ni na huda, da hannuna kuma da hankalina. Dalilin ne ba ku sani ba, kuma a lokacin ba ni da ikon faɗarsa, don ba nawa ba ne ni kaɗai.

Na zo Arlit daga Damagaram ina saurayi, aka sa ni a garejin manyan motoci, aka ba ni aikin da kowa ke rainawa, wato kula da filtir, matatar da iska ke bi kafin ta shiga inji. A nan na tsufa, a nan kuma sunan ya bi ni. Inji da iska yake rayuwa kamar ɗan Adam, yana shaƙa ta wani akwati na roba da ke ƙarƙashin kapo, wato murfin gaban mota, a cikin akwatin kuwa matatar take. Ƙurar Arlit ba irin ta garinmu ba ce. Ta garinmu kana ganinta, kana iya kakkaɓe ta. Ta nan laushi gare ta kamar garin alkama, ba ta da nauyi, ba ta gajiya da neman ƙofa. Idan ta samu shiga inji sai ta haɗu da mai ta zama abin goge ƙarfe, ta yi ta cin zoben fistan a hankali, ba ƙara ba ciwo, har ranar da za ka ga mota ta fara shan mai tana fitar da hayaƙi shuɗi. Daga nan sai dai haƙuri. Duk yaron da ya koyi aiki a hannuna ya sha wannan karatu, wasu da baki, wasu da ɗan ranƙwashi.

Yanzu sai in gaya muku wani abu game da uwarku Hadiza, Allah Ya jiƙanta, wanda kun gani da idonku amma ba lallai kun auna nauyinsa ba. Yayanku Abba shi ne ɗanta na fari, sunan mahaifina kuma ya ci, shi ya sa ko ni ban kiran sunansa na yanka. Ita kuwa ko Abban ma ba ta taɓa faɗa ba. Tarbiyyar gidansu ke nan, kunyar ɗan fari, kuma ta riƙe ta fiye da yadda na ga kowace mace ta riƙe. Ba ta ɗaukarsa gaban mutane yana jariri, ba ta yabonsa, ba ta tambayar inda yake. In dole ta ambace shi sai ta ce “wancan”. Ku na baya kuna hawa jikinta kuna ja mata kallabi, shi kuwa daga bakin ƙofa yake gaishe ta, ta amsa tana kallon wani wuri. Na tuna yana ƙarami zazzaɓi ya kama shi, ba ta ce mini yaro ba lafiya ba, sai ta tsaya tana ninke rigata tana magana da rigar.

“Wasu mutane Allah Ya ba su ido, amma ba su ganin wanda bai ci abinci ba tun jiya.”

Haka muke zaune, kuma ba wanda ya ga aibin abin. Ku ƴan yanzu kuna dariya in an ba da irin wannan labari, kuna cewa wahala ce mutum ya ɗora wa kansa. Ban zo gardama da ku ba. Ina dai so ku sani cewa a wurin uwarku wannan kunya ita ce mutuncinta, da ta rabu da ita gara ta rabu da abinci.

Shekarar da nake magana a kai ita ce wadda aka rufe ramin uraniyom na Akokan, nan kusa da mu. Ni na riga na ajiye aiki kafin nan. Gari ya yi sanyi, gidaje suka fara zama kango, kowa na sayar da abin da ba zai iya ɗauka ba. A shekarar ce Abba ya dawo daga Cibarakaten, wurin zinariya, bayan ya daɗe can cikin sahara inda sai a yi watanni ba a ji ɗuriyarsa ba. Ya dawo da ɗan abin hannunsa, ya buɗe shago a kasuwa yana sayar wa masu haƙa famfo da kayan janareta, ya zauna da matarsa Rabi a sashen da na yanka masa, mai ƙofarsa daban ta bayan gida. Da farko wani tsohon moto, wato babur, yake hawa wanda bututun hayaƙinsa ya fashe, in ya taso daga kasuwa duk unguwa ta san ya taso. Ana nan sai wani injiniya da zai koma ƙasarsu ya sa motarsa a kasuwa, ja wur, ƙofa biyu, cikinta kusan yana shafar ƙasa, irin wadda aka ƙera don hanyoyin da ba mu da su. Abba ya sayar da moton ya ɗauko ta.

Abokina Aghali, mutumin Gugaram, tsohon direban kamyo ne da muka yi aiki tare tun gashinmu na baƙi. Hausarsa ba ta raba mace da namiji, amma idonsa na raba mota mai kyau da maras kyau. Ya zagaya ta sau ɗaya ya duƙa ya leƙa ƙarƙashinta.

“Motar nan ya yi kyau, Sani. Amma in ya ga rairayi zai zauna kamar amarya.”

Gaskiyarsa ce, daga godoro, wato kwalta, sai cikin gari take yawo. Amma injinta lafiyayye ne, kuma shiru gare ta, in tana tafe sai ka ji ƙarar taya kawai. Wannan shirun shi ya dami Abba. Samarin Arlit in ana korteji, wato jerin motocin kai amarya, ba mai kyan mota ake kallo ba, mai ƙara ake kallo. Ya ji a wurin abokansa cewa in aka buɗe akwatin iska mota kan yi murya, wai har gudu take ƙarawa. Da yake ba ya iya tunkarata da irin wannan magana, sai ya biyo ta wurin Aghali, kamar yadda ya saba tun yana yaro. Muna shan shayi a zaure Aghali ya kawo zancen yana kallon butar.

“Yaron yana so ka buɗe masa hancin motar kaɗan.”

“Ka ce masa in ya gaji da ita ya ba masu bukata, ba sai ya kashe ta ba.”

“Ya ce a Yamai haka ake yi.”

“Sai ya kai ta Yamai ta shaƙi iskar kogi. Nan Arlit ne.”

Na kashe maganar a nan. Abba ya zagaya gareji-gareji, amma kusan duk mai gareji a garin ta hannuna ya bi, ba wanda ya yarda ya taɓa akwatin da Sani Filtir ya ce kada a taɓa. Ya haƙura, ko da yake na ga yana gaishe ni da fuska a ɗaure na ɗan lokaci. Ban damu ba, don na san ina kan daidai, kuma har gobe a kan ilimin inji ina kan daidai.

A cikin wannan shekarar ne idon uwarku ya tafi. Ciwon sukari ne, ya daɗe yana bin ta, ya fara da hazo-hazo har ya rufe gaba ɗaya. Ba ta yi kuka ba, ta dai sa aka daina matsar mata da kaya daga inda ta ajiye su. Likita ya ja mana kunne cewa maganin da take sha da yamma sai da abinci a kan lokaci, in ta sha ciki ba komai zai iya kayar da ita. To, sai ga wani sabon hali. Da la'asar sakaliya za ta sa a shimfiɗa mata tabarma kusa da bakin zaure, Rabi ta kawo mata tuwo ta ajiye, ita kuwa ba za ta buɗe kwanon ba. A yi magariba, tuwo ya huce, tana zaune. In an yi magana ta ce ba ta jin yunwa. Sau biyu jiri ya kwashe ta a wurin, muka yi ta ɗura mata ruwan sukari. Ta rame har awarwaronta na zamewa. Na yi faɗa, na yi lallashi, na zargi girkin Rabi, baiwar Allah, wadda ba ta da laifin komai.

Na daɗe ban gane ba, kuma ina jin kunyar daɗewar. Wata rana ina zaune kusa da ita wani moto ya wuce ta bayan katanga, sai na ga ta ɗaga kai ta karkata kunne, da ya wuce ta mayar da kai ƙasa. Wani ya sake wucewa, ta sake yin haka. Sai abin ya faɗo mini. Shekarun da yaron nan ya yi a sahara, ashe ba ta taɓa cin abincin dare da daɗi ba. Da ya dawo tana ganin wucewarsa da ido, ko ta ji motonsa tun daga nesa. Yanzu ido ya tafi, moto ya tafi, ya sayi motar da ba ta da murya, yana ajiye ta bayan gida ya shige ta ƙofarsa. Ba ta san ya dawo ko bai dawo ba, ba ta kuma iya tambaya. Na ce a raina ai wannan mai sauƙi ne. Washegari da na ga ya shigo sai na ɗaga murya kamar ina magana da iska.

“Abba dai ya dawo da wuri yau.”

“Wa ya tambaye ka?”

Ta ture kwanon gefe, ranar ko loma ɗaya ba ta ci ba, don in ta ci ya nuna jiransa take yi. Na sa Rabi ta gwada ta wata hanya, aka samu abin da ya fi haka muni, har uwarku ta ce a daina shimfiɗa mata tabarma a wurin, ko da yake ita da kanta ta sake komawa. Na kuma san in na gaya wa Abba ya riƙa zuwa gaishe ta da yamma, za ta gane daga ina abin ya fito, ta ji an tona mata asiri gaban ɗanta. Muka zauna a haka, tana ramewa ina kallo. Sai wata safiya, tana laluben carbinta, ta yi maganar da ta saba yi da kaya in tana so in ji.

“Tun da aka sayar da wannan abin hayaniyar unguwar ta yi shiru. Ko ɓarawo ya shigo ba mai ji.”

Na tashi na shiga ɗakin da nake ajiye kayan aikina, na ɗauko akwatin da na yi shekaru ban buɗe ba. Na aika Rabi ta ce wa mijinta ya kawo motar ƙofar zaure kafin ya fita. Ya zo ya tsaya daga gefe yana mamaki, bai tambaya ba, ni ma ban yi bayani ba.

Na bi abin a hankali, don ina so in biya mafi ƙarancin abin da zai yiwu. Akwai wani ɗan ƙoƙo na roba a gefen akwatin wanda maƙeran motar suka sa don ya haɗiye ƙara. Shi na fara cirewa, don cire shi ba ya cutar da inji. Da yamma na zauna kusa da uwarku ina kallon fuskarta. Motar ta shigo, ni na ji ɗan bambanci, ita ko gezau. Kashegari na huda ramuka a ƙasan akwatin, ta wajen da iska ba ta riga ta bi matata ba, don ko ƙura ta ƙaru takardar za ta tare. Murya ta fito, amma sai motar ta zo gindin katanga ake ji, kuma ba ta bambanta da ta sauran motoci ba. Uwarku ta ɗan ɗaga kai, ta yi shakka, ta mayar. Takardar matatar ce ke danne sautin, kauri gare ta, kuma da ramukan nan cikin ƴan kwanaki take toshewa, irinta kuwa ba a samu a Arlit sai an yi saƙo. Na san abin da ya rage, na kuma san kuɗinsa ba na aljihu ba ne. Na kwana biyu ina juya abin, sannan na cire takardar, na yanka soso daidai wurin, na jiƙa shi da mai na matse, na ƙara faɗin ramukan. Soso yana tare tsakuwa da rairayi, amma ƙurar Arlit dariya take yi masa. Lokacin da nake ɗaure murfin na san na yanke wa injin nan kwanakinsa, shekara ɗaya ko biyu in an yi sa'a.

Da yammar ranar, ana shirin kiran magariba, sai muka ji ta tun daga kwanar kasuwa. In ya taka ta sai ta yi wani gurnani mai zurfi kamar raƙumi ana ɗora masa kaya, in ya saki ta ja numfashi. Ba wata mota a garin mai irin wannan murya. Na dubi uwarku. Ba ta ɗaga kai ba ma, hannunta kawai na ga ya tafi wajen kwano ya buɗe murfin.

“Rabi, miyar nan taki gishiri ya yi mata kaɗan.”

Ta cinye tas, ta sha magani. Daga ranar ba a sake ɗura mata ruwan sukari ba.

Abba kuwa duniya ta yi masa daɗi. Ba a korteji a Arlit ko Akokan sai da jar mota a gaba, yara na bin ta da gudu. Har ya yi ƙarfin halin tsayawa gabana yana sosa ƙeya.

“Baba, wallahi ta ƙara gudu. Yanzu kafin in taɓa ta ta tashi.”

“Kunnenka ne ya ƙara gudu. Iskar da take sha yanzu mai zafi ce ta kusa da inji, in ma ba ta ragu ba to ba ta ƙaru ba.”

Ya yi dariya, bai yarda ba, ban kuma matsa ba. Ina wanke soson a kai a kai, ina sa a canja mai tun bai yi baƙi ba, ina dai jinkirta abin da na san yana tafe. A gareji kuwa labari ya bazu. Yaran da na ranƙwasa saboda sun bar murfin matata a kwance suka riƙa zuwa kallon aikina suna girgiza kai. Wanda ya fi jin zafin abin Aghali ne. Ya zo har zaure ya ƙi zama.

“Sani, kai ne ka koya mini in rufe hancin kamyo da rawanina in iska ya taso. Yau kai ka sa soso? Ko kanka ya taɓu?”

“Zauna ka sha shayi.”

Ya zauna yana huci. Daga inda yake ana hango tabarmar uwarku. Muna kan kofi na biyu gurnanin ya taso daga kwanar kasuwa, ya ga hannunta ya tafi ga kwano. Ya dube ta, ya dube ni, ya ja rawaninsa ya rufe baki. Bai ƙara tayar mini da maganar ba har ya koma Gugaram, kuma na san bai gaya wa kowa ba, don da ya faɗa da ba ku ji abin da kuka ji ba.

Shekara ba ta cika zagayowa ba motar ta fara shan mai. Da safe in an tayar da ita sai hayaƙi shuɗi ya cika lungu. Abokan Abba da suka zuga shi su ne suka fara ce masa tsohonka ya kashe maka mota. Ya yi saƙo wurin wani direba mai zuwa Aljeriya aka kawo masa sabuwar matata ta takarda, ya zo da ita a hannu ya durƙusa gabana, wannan karon ba ɗan aike.

“Baba, a mayar da akwatin yadda yake. An ce in an rufe yanzu injin zai ɗan ƙara kwana.”

“Gaskiya aka gaya maka.”

“To a rufe.”

“Ban rufewa.”

“Da na ce a buɗe ka hana, yanzu na ce a rufe ka hana. Baba, me na yi maka?”

Wannan tambaya ta yi mini ciwo, ba zan ɓoye ba. Amsar tana bakina, amma uwarsa na zaune a tsakar gida, kuma ba ni da hakkin in kwance mata abin da ta ɗaure tun ranar da ta haife shi. Na ce masa motarsa ce, ya yi yadda ya ga dama, hannuna dai ba ya ciki. Ya tashi ya fita. Kashegari ya ari kayan aikina ta hannun Rabi, ya tafi shagonsa, ya yanka tsohuwar robar taya ya lilliƙe ramukan da kol, ya mayar da takarda.

Da yamma ina zaure na ga jan abu ya wuce ta lungu kamar mage, ba ƙara. Muka yi sallar magariba muka dawo, uwarku na kan tabarma, kwano a rufe. Rabi ta zo ta durƙusa kusa da ita.

“Inna, ki ci mana, lokacin magani yana wucewa.”

“Ban jin yunwa.”

Daidai nan Abba ya shigo ta zaure don ya mayar mini da kayan aikin, ba takalmi a ƙafarsa, don a waje ya tuɓe. Zai yi sallama na ɗaga masa hannu, ya tsaya a bakin ƙofa da akwatin a hannu. Ban nuna masa komai ba, ban ce ya duba ba. Wani moto ya wuce ta bayan katanga, uwarsa ta ɗaga kai ta karkata kunne wajen kasuwa, ta saurara har ƙarar ta ɓace, ta sunkuyar. Wata mota ta wuce can nesa, ta sake ɗagawa. Hannunta na kan murfin kwanon, amma ba ta buɗe ba. Ɗanta na tsaye bayanta, bai fi taku kaɗan ba, tana sauraron hanya.

Ban san tsawon lokacin da ya yi a tsaye ba. Na dai ga ya sunkuya ya ajiye akwatin a hankali don kada ƙarfe ya yi ƙara, ya buɗe ya zari abin kwance murfi, ya fita da baya. Motar ta sulale daga lungu yadda ta shigo. Muka zauna, ni da Rabi ba mai kallon wani. Can sai ga shi daga kwanar kasuwa, gurnanin nan, ya ma fi na da, don a gaggauce ya fizge robar har ya tsaga gefen akwatin iskar. Ya taka ta sau biyu a bakin masallaci kafin ya shigo lungu. Uwarku ta buɗe kwano ta gutsuri tuwon da ya riga ya sandare.

“Wancan da abin hayaniyarsa, ba ya barin mutane su huta.”

Sabuwar matatar tana nan a ɗakina cikin kwalinta, ba ta yi aikin yini guda ba. Ni da Abba ba mu taɓa tayar da maganar wannan yamma ba. Ya ci gaba da zuba wa motar mai kamar mai shayar da doki, abokansa na yi masa dariya, yana cewa shi ƙarar yake so. Da jikin uwarku ya yi tsanani aka kwantar da ita asibiti, sai ya canja hanyar dawowarsa, ya riƙa bi ta bayan katangar asibitin yana taka ta sau biyu. Mai gadi ya kai ƙararsa wurina, ya ce in ja wa ɗana kunne, akwai marasa lafiya. Na ba shi haƙuri, na ce yaran yanzu ba su jin magana. A ciki kuwa in uwarku ta ji sai ta karɓi kunun da ta ƙi tun rana. Ta rasu ba ta taɓa kiran sunansa ba, shi kuma bai taɓa jiran ta kira ba. Injin ya bi ta bayan ƴan watanni, ya tsaya a tsakiyar korteji, aka turo motar gida. Masu sayen ƙarfe sun zo sun gaji, ya ƙi sayarwa, shi ne kuka gan ta a tsakar gida.

Yanzu Abba yana da wata mota, fara, mai tsayi, irin ta mutanen da suka yi hankali. Ni kuma ƙafafuna sun yi nauyi, idona ma ya fara hazo, na koma zama a inda tabarmar uwarku take. Kwanan baya na lura muryar farar motar ta canja, ina jin ta tun daga kwanar kasuwa. Da safe, kafin ya fito, na dogara sanda na je na ɗaga kapo. Ramuka ne a ƙasan akwatin iska, a karkace, wasu manya wasu ƙanana, aikin wanda bai taɓa koyon huda ba, ga soso an cusa ko mai ba a jiƙa masa ba. Na tsaya ina kallo. Na je na ɗebo ɗan mai na jiƙa soson na matse, na mayar, na rufe kapon a hankali. Da yamma da na ji ta, sai na jawo kwanona.